Darasi na Tara: Zaɓen Injin Zarto Mai Tebur na Farko

Akwai lokacin da zarton hannu ke daina isar kafinta. An kawo masa aikin wadirob uku da kantar shago, an yanka masa wa'adin mako biyu, kuma kowace durowa tana neman gefuna masu faɗi ɗaya, ba ƙari ba ragi. A nan ne zancen sayen inji yake tasowa. Injin da wannan darasi ya shafa tebur ne mai tsaga a tsakiyarsa, faifan zarto ya leƙo ta cikin tsagar, moto kuma yana ƙasa yana juya shi. Faifan yana nan inda yake, katako ake turawa ya bi ta kansa. Shi ya sa babu injin da ya kai shi fitar da falankai ashirin masu faɗi ɗaya, kuma shi ya sa hannun mai aiki kullum yake tafiya wajen haƙora.

Yawancin masu saye a karon farko tambaya biyu suke yi: nawa ne, kuma ƙarfinsa doki nawa ne. Tambayoyi ne masu kyau, amma ba su ne a gaba ba. Abin da nake so shi ne ku iya tsayawa gaban inji ku duba abubuwa uku da mai kaya ba zai fara nuna muku ba: ƙarfen da katako ke jingina da shi, wuƙar da ke bayan faifai, da makunni. Injin da waɗannan ukun suka yi kyau a jikinsa ya cancanci a yi cinikinsa. Wanda ɗaya daga ciki ya gaza, a bar wa mai shi, komai arharsa.

Shin lokacin saye ya yi?

A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko ta Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako ta Yamai, akwai masu inji da ke tsaga wa mutane katako ana biyansu. Kafintan da gado ɗaya ko kujeru biyu yake yi a wata ba shi da hujjar ɗaure jarinsa a inji. Ya ci gaba da kai yanka kasuwa, ya sayi ƙaramin zarton lantarki na hannu, ya riƙa ɗaure miƙaƙƙen falanki a kan filawud yana bin gefensa. Wannan dabara tana biyan buƙata matuƙa. Wanda aikinsa ya yawaita kuma ya zauna ya yi lissafi na wata uku: kuɗin yanka, kuɗin dako zuwa da dawowa, da ranakun da suka salwanta don an yanka ba daidai ba sai an koma. Idan jimlar ta fara kusantar wani kaso mai kauri na kuɗin inji, lokaci ya yi.

Sharaɗi ɗaya ba ya ɗaguwa. Kada mutum ya sayi wannan inji sai ya tsaya kusa da wanda ya ƙware, ya ga yadda yake tsayuwa da inda yake ajiye hannu, sannan ya yi yanka a gabansa yana gyara masa. Hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta ƙiyasta cewa a kowace shekara faifan wannan inji yana ji wa kimanin mutum 30,000 rauni har su nemi magani, kimanin 4,000 daga cikinsu kuma sukan rasa yatsa ko fiye. Wannan a ƙasar da injuna ke zuwa da murfi da takardar gargaɗi ke nan.

Irin injunan da za ku tarar

Na farko shi ne ƙarami mai saman alminiyom, wanda mutum ɗaya ko biyu za su ɗauka su sa a Keke Napep. Nauyinsa bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba, ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa kuma wat 1,500 zuwa 2,000. Makita da Bosch da DeWalt duk suna yin irinsa, haka ma kamfanoni masu sauƙin farashi. Motonsa irin na injin giranda ne, mai buroshi: yana da ƙara ƙwarai, buroshin yana cinyewa a canza, kuma ba a yi shi don ya wuni yana tsaga ɗanyen madaci ba.

Na biyu mai saman ƙarfen zubi ne, moto daban, bel yana haɗa shi da sandar faifai. Yana da nauyi, nauyin nan kuma alheri ne, domin shi ke hana girgiza. Motonsa ba shi da buroshi, ƙararsa kaɗan ce, yana daɗewa, idan ya ƙone kuma masu naɗin koyil sun san shi. Manyan wannan iri sukan haura kilo 200, da yawansu kuma wuta mai layi uku suke ci, wadda ba kowane shago ke da ita ba.

Na uku shi ne ƙirar gida, irin wanda masu walda ke haɗawa a wurare kamar Panteka a Kaduna: firam na ƙarfe, sanda a kan boris biyu, fuli da bel, sai moto ko injin dizal. Ba na raina shi. Shi ke riƙe da kasuwannin katako da yawa, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma yana tsaga kauri da ƙaramin inji ba zai taɓa ba. Sai dai akasari ana haɗa shi tsirara, babu murfi, babu wuƙar baya, faifan ba ya hawa ba ya sauka. Mai son irin wannan ya zauna da mai walda tun kafin a fara, a shigar da waɗannan abubuwa cikin ciniki. Akwai kuma dabarar kifa zarton hannu a ƙarƙashin filawud a ɗaure makunninsa da waya. Wannan kam ba na ba kowa shawarar yin ta.

Ga mai fara aikin kayan ɗaki da filawud da MDF, ƙaramin inji mai kyau ko matsakaicin mai ƙarfen zubi na hannu ya wadatar.

Majingini

Majingini shi ne dogon ƙarfen da ke kwance a kan tebur daura da faifai. Tazarar da ke tsakaninsa da faifai ita ce faɗin abin da za a yanka. Moto yana ba da ƙarfi ne kawai, majingini ne ke ba da daidaito. Inji mai doki uku da majingini mai rawa zai fitar muku da falanki mai faɗin santimita 30 a kai, 29 da rabi a gindi, ku wuni kuna gyara da fulen, abin da kuka sayi inji don ku huta da shi.

Ga yadda ake gwada shi. Ku kulle shi, ku sa hannu a can ƙarshensa na nesa ku tura gefe. Bai kamata ya motsa ba. Ku buɗe, ku matsar da shi, ku sake kullewa, ku auna tazararsa da gaban faifai da kuma bayan faifai. Ku yi haka sau uku ko huɗu a wurare daban-daban. Awon gaba da na baya su zo ɗaya kowane lokaci. Idan bayan ya fi buɗewa da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, babu laifi. Idan kuwa bayan ne ya fi matsewa, to katako zai riƙa shiga lungu yana matse faifai, kuma daga nan ne babbar masifar wannan inji take farawa. Wasu ƙananan injuna suna da majingini mai tafiya a kan haƙoran giya gaba da baya lokaci ɗaya, ana murɗa shi da hannu. Irin wannan ba ya karkacewa da sauƙi, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa.

Ku duba kuma iyakar nisan da majingini ke iya buɗewa. Filawud da MDF suna zuwa ƙafa 8 da ƙafa 4, wato milimita 2,440 da 1,220. Kafin ku raba shi biyu a tsaye sai majingini ya buɗe inci 24, kimanin santimita 61. Wanda bai kai haka ba zai takura mai aikin wadirob. Amma ko ya kai, kada ku ɗora cikakken MDF mai kaurin milimita 18 a kan ƙaramin inji ku kaɗai. Nauyinsa ya kusa kilo 40, ya fi injin kansa. A fara rage shi da zarton hannu, ko a kafa tebur a bayan inji da zai karɓi abin da ya fita.

Harbi da wuƙar baya

Mutane suna tsoron haƙoran gaba, waɗanda suke gani suna cin katako. Haƙoran baya sun fi su sharri. Faifai yana juyawa ne ya nufo mai aiki: haƙoran gaba suna sauka suna danne katako a kan tebur, na baya kuwa suna tasowa sama. Muddin tsagar da aka yi tana buɗe, haƙoran baya suna wucewa ta cikinta ba su taɓa komai. Da zarar tsagar ta rufe, ko katakon ya ɗan kauce daga majingini, sai haƙoran baya su cafke shi, su ɗaga shi, su wurgo shi wajen mai aiki. Faifai mai inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, bakinsa yana gudun da ya kai kusan kilomita 190 a awa. Kamar harbin jaki ne, ba ya sallama, kuma babu wanda ke da saurin kauce masa. Abin da ya fi muni, hannun da ke danne da katakon yakan bi shi ya faɗa kan faifai. Yatsu da yawa ta haka suka tafi.

Wannan ya shafe mu fiye da wasu. Katakon da ake kawowa daga kudu, iroko ne ko afara ko malaina, sau da yawa bai gama bushewa ba. Bayansa ya sha iska ya bushe, cikinsa da sauran ruwa, musamman a lokacin hunturu. Ana tsaga shi sai ya motsa, wani ya buɗe baki, wani ya rufe ya matse faifai.

Maganin wannan wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ke tsaye a bayan faifai, yana bin zagayensa. Shi ne wuƙar baya. Ba ta yanka komai. Aikinta ta shiga cikin tsagar ta hana ta rufewa, ta kuma tare katako kada ya hau haƙoran baya. Mai kyau tana hawa da sauka tare da faifai, tana karkata tare da shi, tazararta da haƙora ba ta wuce milimita 3 zuwa 8 ba. Kaurinta ya ɗan fi na jikin faifai, amma bai kai faɗin tsagar da haƙora ke yi ba. A Turai an daɗe da wajabta ta. A Amurka sai daga 2008 aka fara neman ta a kan sababbin samfura, don haka tsofaffin injunan Amurka da ke zuwa a gwanjo da yawa ba su da ita. Wasu kuma sun zo da ita, mai su na farko ya kwance ya jefar. Idan mai kaya ya ce muku ai wannan ƙarfen ba shi da amfani, kowa cire shi yake yi, ku nemi ya nuna muku mazauninta a jikin injin. In mazaunin yana nan, mai walda zai iya yanka wata daga farantin ƙarfe mai kaurin da ya dace. In babu, ku wuce gaba.

Murfin da ke rufe saman faifai shi ma ya kasance yana nan, kuma mai sauƙin sawa da cirewa, domin murfin da ke ba da wahala ba ya kwana biyu a kan inji.

Za ku ji labarin injin SawStop, wanda wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro dabararsa a 1999, aka fara sayar da shi a 2004. Yana gane taɓawar fatar mutum ta hanyar lantarki, ya tsayar da faifai cikin abin da bai kai kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Fasaha ce ta gaske, ta ceci yatsu masu yawa. Amma yana da tsada, duk lokacin da birkin ya tashi sai an sayi sabo, kuma ɗanyen katako ma yana iya tayar da shi. Ba shi ne injin farko na kafintan da ke aiki da katakon kasuwarmu ba.

Wuta da makunni

Ku sa wannan a ranku: kuna tsakiyar tsaga falanki aka ɗauke wuta. Faifai ya tsaya a cikin katako. Kuka sa hannu kuna ƙoƙarin zaro shi, ko yaron shago ya zo yana share ƙura a kan tebur, sai aka dawo da wuta. Idan makunnin injin irin na fitilar ɗaki ne, yana nan a kunne, faifai zai tashi nan take. Akwai makunnin da aka yi don wannan: maɓalli kore na kunnawa, ja na kashewa, da maganaɗisu a ciki da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke. Ko wuta ta dawo, inji ba zai tashi ba sai an sake danna kore. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan makunni wajibi ne. Gwajinsa ba wuya: a kunna inji, a zare fulogi, a mayar. Idan ya tashi da kansa, sai an canza makunnin kafin ya shiga shago. Ana sayar da irinsa daban, mai gyaran lantarki zai ɗaura. A kafa shi inda gwiwa ko cinya za ta iya buga jan maɓallin, saboda lokacin da ake buƙatar kashewa da gaggawa hannu biyu suna kan katako.

Sai ku karanta ɗan farantin da ke jikin moto. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230V ce, 50Hz. Injin Turai ya dace da ita. Na Amurka 120V ne, 60Hz, in aka sa shi kai tsaye zai ƙone. Yana buƙatar taransifoma mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba, tunda injin amp 15 yana jan wat 1,800, sai a nemi mai ɗaukar 3,000 ko fiye. Idan motonsa marar buroshi ne, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida a wutarmu, kuma yakan fi yin zafi. Ku haɗa kuɗin taransifoma a kan farashi kafin ku ce ya yi arha.

Lambar wat da ake rubutawa da manyan baƙaƙe wutar da inji ke ci ce, ba ƙarfin da ke isa haƙora ba. Amfaninta a gare ku shi ne lissafin janareta. Moto yana jan wuta ninki-ba-ninki a lokacin tashi. Mai buroshi yana son janaretan da ya ninka shi aƙalla sau biyu, marar buroshi sau uku ko fiye. Ƙaramin janaretan caji da fanka ba ya cikin wannan zance. Wuta marar ƙarfi kuma, da doguwar siririyar waya, su ne ke ƙona koyil a hankali.

Faifai

Girman da ya fi yawa inci 10 ne, wato milimita 250 zuwa 254, yana yanka kaurin kusan inci 3, ya ishe ku tu-bai-fo da tu-bai-tiri. Mai inci 8 da kwata yana tsayawa wajen inci 2 da rabi. Abin da mutane ke mantawa shi ne ramin tsakiyar faifai: injunan Amurka kashi 5 cikin 8 na inci ne, na Turai galibi milimita 30. Kafin ku biya, ku zaga kasuwa ku tabbatar faifan da zai hau injin yana samuwa, kuma akwai mai wasa shi.

Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne a tsawonsa. Mai 60 zuwa 80 na yanka a gicciye ne da filawud da MDF mai rufi, don kada baki ya tsattsage. Wanda kuɗinsa faifai ɗaya zai saya ya ɗauki mai 40. Faifan da ya dakushe yana ƙona katako, yana wahalar da moto, yana sa mai aiki turawa da ƙarfi, turawa da ƙarfi kuwa ita ke kai hannu inda bai nufa ba.

Ranar saye

Ku tafi da tef, da sukwaya, da miƙaƙƙen ƙarfe, da guntun falanki, da kuma wanda ya fi ku sanin inji. A zare fulogi tukuna. Ku ɗora miƙaƙƙen ƙarfen a kan tebur a tsaye da a gicciye ku ga ko haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Ku kama faifai ku girgiza shi gefe da gefe. Motsi alamar boris ya mutu ne ko sanda ta lanƙwashe. Boris abu ne mai sauƙin canzawa, sanda kuwa ba haka ba. Ku ɗaga faifai har ƙarshe, ku sauke, ku karkata shi zuwa digiri 45 ku dawo, ku sa sukwaya ku ga ya koma tsaye cak. A kan tebur akwai kwari mai tsawo da ƙarfen yanka a gicciye ke bi. Ku yi wa haƙori ɗaya alama da alli, ku auna nisansa da kwarin yana gaba, ku juya shi baya ku sake aunawa. In awon ya bambanta, ku tambaya ko akwai notin daidaitawa. Bayan duk wannan ne za a kunna, ku saurari sauti, ku ɗora hannu a gefen tebur ku ji girgiza, ku tsaga falankinku ku duba bakinsa ko ya ƙone ko ya yi tabon haƙora.

Kada kuɗinku su ƙare a kan inji. Ku rage na faifai mai kyau, da tabarau, da abin toshe kunne, da takunkumin ƙura. Ƙarar wannan inji takan kai wajen desibel 100, alhali daga 85 ji ke fara lalacewa idan an daɗe. Ƙurar katako tana cikin abubuwan da masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tabbatar suna haddasa ta, ƙurar iroko da mansoniya kuma tana tayar da asma da ƙaiƙayi. Sandar turawa ba a saye, ku yanka ta da kanku daga guntun katako, tsawon santimita 45 da ɗan baki a ƙarshe, ku rataye ta a jikin inji. Da ita ake tura santimita 30 na ƙarshe na kowane yanka. Babbar riga, da hannun kaftani mai faɗi, da carbi a wuya, da jelar rawani ko gyale, da safar hannu, duk a ajiye su ko a ɗaure kafin a danna kore. A tsaya ɗan gefe, ba a saitin faifai ba. Kuma ba a yanka komai a kan wannan inji da ido kawai: ko katako yana jingine da majingini, ko yana kan ƙarfen yanka a gicciye, amma ba duka biyun a lokaci ɗaya ba, domin guntun da ya maƙale tsakanin faifai da majingini shi ne harsashi.

Aikin yi

1. Inji ne mai wat 1,800, moto mai buroshi, an rubuta 120V a jikinsa. Waɗanne abubuwa za ku ƙara saya kafin ya yi aiki a shagonku, kuma janareta mai wane ƙarfi zai ɗauke shi?

2. Ku zana faifai daga gefe, ku nuna da kibiya inda haƙora ke sauka da inda suke tasowa, sannan ku zana wuƙar baya a mazauninta. Ku yi wa abokin karatunku bayanin yadda harbi ke faruwa da bakinku.

3. Ku je wurin mai injin tsaga katako mafi kusa da ku, ku nemi izininsa. Inji yana kashe, fulogi a zare, ku auna tazarar majingini da gaban faifai da bayansa, ku duba ko akwai wuƙar baya, ku tambaye shi abin da injin ke yi idan wuta ta dawo. Ku rubuta abin da kuka gani ku kawo aji mako mai zuwa.